Yadda ƙauye zai ci abin da ya noma har wata kakar

Abin da ke ban mamaki shi ne, garin da ya noma abinci ya sayar da araha da kaka, shi ne kuma zai dawo yana sayen abincin nan da tsada kafin sabo ya nuna. In kuna son ku fita daga wannan, kar ku fara da ƙara gona, ku fara da rumbu.

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, a rahotonta na 2019 ta ce kusan kashi 14 cikin ɗari na abincin duniya yana salwanta ne tsakanin girbi da isarsa hannun masu sayarwa. A ƙauye kuwa danshi da ƙwari su ne manyan ɓarayin. Ka shanya hatsi a kan tamfol ba a ƙasa ba, sannan ka gwada shi: zuba busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, ƙara hatsin, rufe ka girgiza, in gishirin ya manne a jikin kwalbar to da saura, mai da shi rana. In ya bushe sai ka samu buhun nan mai leda biyu a ciki, irin PICS da jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, ka matse iskar ka ɗaure kowace leda daban, ƙwarin da ke ciki iska za ta ƙare musu su mutu ba sai ka barbaɗa magani ba. Amma fa ban da buɗewa kullum ana leƙawa.

Iri kuma tun yana gona ake zaɓarsa, daga shukar da ta fi lafiya, a ajiye shi daban inda hannun mai girki ba zai kai ba. Irin kamfani da ake ce wa haibirid kam kar ka wahalar da kanka, in ka sake shuka 'ya'yansa ba zai ba ka yadda ya ba ka da farko ba.

Ƙasa ma tana gajiya. A daina ƙona kara, a tara shi da kashin dabbobi ana yayyafa ruwa ana juyawa har ya ruɓe, kuma a riƙa sa dangin wake bayan hatsi tunda saiwarsu tana ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Sai mai wuyar, wato haɗa kai. Gidaje goma ko sha biyar su ware 'yan buhuna a ɗaki ɗaya, wanda ya ranta da damina ya biya da kaka da ɗan ƙari. A rubuta komai a littafi, a sa kwaɗo biyu, mukullan kuma kar su zauna a hannun mutum ɗaya ko da liman ne.