Kurakuran da aka fi yi wajen kama otal in za a je babban birni a waje

Abin na ba ni takaici wallahi, mutum ya sha wahalar biza, ya tara kuɗin tikiti, sai wajen kama otal ya yi sakaci ya ɓata wa kansa tafiyar gaba ɗaya. Kuma kusan kullum kuskuren ɗaya ne, a kalli hoton ɗaki a kalli farashi, a biya, ba a ko buɗe taswira ba.

To taswirar nan ita ce kan gaba. Otal zai rubuta Landan a sunansa alhali yana can gefen gari, kuma a Landan kuɗin jirgin ƙasa yana tafiya ne da shiyya-shiyya, iya nisanka da tsakiya iya abin da za ka biya, sai ka ga ɗan rangwamen da ka samu a ɗaki ya ƙare a kuɗin hanya, ga awa biyu kullum sun tafi a zuwa da dawowa. Istanbul ma haka, ruwan Bosforos ya raba ta biyu, in harkarka tana unguwar Laleli ko Sultanahmet da ke ɓangaren Turai kai kuma ka kama ɗaki a ɓangaren Asiya, kullum sai ka tsallaka. Sannan in ka ga an ce "kusa da filin jirgi", tambayi wanne, don Istanbul tana da biyu, babban da aka koma a 2019 yana ɓangaren Turai, Sabiha Gokcen kuma yana Asiya, Landan kuwa ga Heathrow ga Gatwick ga Stansted ga Luton. Gyaran ba wuya: rubuta wurare ukun da za ka fi zuwa, sa adireshin otal ɗin a Google Maps, zaɓi jirgin ƙasa ko bas, ka duba a daidai lokacin da za ka riƙa fita. Ni dai in tashar jirgi ta wuce tafiyar minti 10 a ƙafa ba na kamawa, musamman Dubai da zafi ke haura digiri 40 a watan Yuli da Agusta.

Sai farashi. Lambar da kake gani da farko sau da yawa ba ita za ka biya ba. A New York harajin otal kashi 14.75 cikin 100 ne, da dala 3.50 a kowane dare, wasu otal ɗin kuma su ƙara nasu cajin na daban da sunan kayan more rayuwa ko ka yi amfani da su ko ba ka yi ba, Las Vegas ta yi suna a wannan. Dubai na da kuɗin 'yan yawon buɗe ido, dirhami 7 zuwa 20 a dare gwargwadon darajar otal. Amsterdam kashi 12.5 take karɓa tun 2024. Ka bi shafin har ƙarshe inda ake nuna jimilla, da wannan lambar za ka kwatanta otal da otal.

Inda aka fi yaudarar kai shi ne kayan alatu. Wurin ninkaya a saman bene, jim, wurin tausa, duk suna da kyau a hoto kuma duk suna cikin kuɗin ɗakin da kake biya, amma tsakani da Allah wanda ya je birni kwana huɗu, yana fita da safe sai dare, yaushe zai shiga ruwa? Abubuwan da za su dame ka ƙanana ne kuma su ake mantawa. Akwai esi? Tsofaffin otal da yawa a Turai ba su da shi, kuma zafin Faris ko Rum a bazara ba wasa ba ne. Akwai lif? In za ka tafi da iyaye ko kana da manyan akwatuna, hawa huɗu a ƙafa azaba ce. Banɗakin naka ne kai kaɗai ko na haɗaka? Ɗakin yana da taga ma kuwa? Wayfai kyauta ne a cikin ɗaki ko sai ka sauko resafshan? Ka duba girman ɗakin a murabba'in mita, ƙasa da 12 da ƙyar mutum biyu su buɗe akwati. Dabul gado ɗaya ne na mutum biyu, tuwin shi ne gado biyu, abokan tafiya da yawa sun sha kunya a kan wannan.

Taurari kuma kar su ruɗe ka, kowace ƙasa da ma'auninta, kuma yawanci kayan da otal ke da su ake ƙirgawa ba tsabta ko kirkin ma'aikata ba. Gara ka karanta abin da waɗanda suka kwana suka rubuta a 'yan watannin nan, ka fara da masu ƙorafi, in mutum biyar daban-daban sun ce hayaniya ko kuɗin cizo, ka yarda.

Kar ka biya ɗakin da ba a mayar da kuɗinsa alhali biza ba ta fito ba, don Allah. Kama wanda ake sokewa kyauta ko da ya ɗan fi tsada, ka rubuta ranar ƙarshe ta sokewa da agogon can.

Lokacin shiga ɗaki ma ana mantawa. Yawanci ƙarfe 2 ko 3 na rana ake ba da ɗaki, a fita 11 ko 12. In jirginka asuba zai sauka, ko ka biya daren da ya gabata ka sanar da su a rubuce cewa sai safiya za ka iso don kar su ba wani, ko ka tabbatar suna ajiye kaya. Ka kuma bar ɗan rara a katinka, otal da yawa suna riƙe kuɗin ajiya ranar shiga, kuma in katin ATM ne yakan ɗau kwanaki kafin su dawo. In na'urar biya ta tambaye ka da wane kuɗi za a cire, zaɓi na ƙasar da kake ciki, canjinsa ya fi sauƙi.