Daga Dandamali Zuwa Bayan Kyamara: Yadda Ake Zama Ɗan Wasa Kuma Darakta

Yawancin matasan da ke sha'awar harkar fim a Yamai da Tahoua suna ɗauka cewa matakin farko shi ne mallakar kyamara, na biyu kuma mutum ya laƙaba wa kansa sunan darakta a Facebook. Tarihin sana'ar a ƙasarmu ya nuna akasin haka. Oumarou Ganda, wanda ya yi yaƙin Indoshin a rundunar Faransa, ya fara ne a gaban kyamara, cikin fim ɗin da daraktan nan Bafaranshe Jean Rouch ya ɗauka a Abijan wanda ya fito a 1958, kuma sai bayan kimanin shekara goma ya ba da umarnin fim ɗinsa na farko. A 1972 shi ne ya fara ɗaukar babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na FESPACO a Wagadugu. Djingarey Maïga ma ɗan wasa ne a fim ɗin Moustapha Alassane na 1966 kafin ya koma bayan kyamara. Ko a Faransa, Patrice Chéreau, wanda ya haɗa dandamali da fim da opera, wato wasan kwaikwayo da ake rerawa, har rasuwarsa a 2013, a ƙungiyar wasan makarantarsu ta sakandare ya fara. A ganina bai kamata mutum ya ba ƴan wasa umarni ba alhali shi bai taɓa tsayawa gaban jama'a gwiwoyinsa na rawa ba.

Saboda haka abin da za ka fara yi shi ne neman ƙungiyar wasan kwaikwayo mai yin bita a kai a kai. A Yamai ana iya tambaya a Cibiyar Al'adu ta Oumarou Ganda, ko gidan matasa na Djado Sékou, ko tsohuwar cibiyar al'adun Faransa da Nijar wadda aka sa wa sunan Moustapha Alassane a 2024. A Tahoua akwai gidan matasa na Albarka Tchibaou, ga kuma ƙungiyoyin makarantu da gidajen rediyo. Idan an karɓe ka, kada ka raina matsayin da aka ba ka, ko da na ɗan aike ne mai jimla biyu, kuma ka riƙa zuwa bita har ranar da ba a buƙatar ka, domin a zaune a gefe ne ake ganin yadda shugaban ƙungiya ke gyara wasan wani.

Murya ce jarin farko. Numfashi daga ciki ake ɗaukar sa, ba daga ƙirji ba, kuma ɗaga murya daban, ihu daban. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce ka tsaya a wannan gefe na farfajiyar makaranta da marece, abokinka ya tsaya can ƙarshe kusa da katanga, ka yi masa magana ta sirri, shi kuma ya maimaita abin da ya ji. Za ka tarar ƙarshen kalmomi ne ke ɓacewa, sai kuma bambancin ƙ da k, da ɗ da d. Wasan kwaikwayo na rediyo yana gyara wannan da sauri, tunda can babu fuskar da za ta rufa wa harshe asiri.

Wasanmu na Hausa a Nijar, tun zamanin samariya a mulkin Seyni Kountché daga 1974 zuwa 1987, da irin wasannin ƙungiyar Yazi Dogo da jama'a suka saba gani a talabijin, ya ginu ne bisa wata al'ada: a amince da ƙashin labari, sannan kowane ɗan wasa ya cika maganarsa da kansa. Wannan ya ba ƴan wasanmu saurin baki da iya karanta ƴan kallo, abin da makarantun Turai ke shan wahalar koyarwa. Sai dai yana da illa, wato yawan magana da neman dariya ko ta halin ƙaƙa. Maganin illar tambaya ɗaya ce, wadda ɗan Rasha Konstantin Stanislavski, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa gidan wasan Mosko a 1898, ya gina koyarwarsa a kanta: me wannan mutum yake so a wannan lokaci, kuma me ya tare masa hanya? Ɗauki misalin magidancin da ya je gidan surukinsa neman rancen kuɗi. Ya tuɓe takalma tun daga bakin zaure, ya durƙusa, ya ce "Baba, ina kwana, ina gajiya, yaya mutan gida," ya sake maimaita gaisuwar da ya riga ya yi, yana murza bakin rigarsa, idonsa a kan tabarma. Bai ambaci kuɗi ba, amma kowa ya san abin da ya kawo shi. Sabon ɗan wasa yakan yi sauri ya wuce gaisuwar don ya isa ga abin da yake ɗauka shi ne wasan, gwani kuwa ya san cewa wasan duka cikin gaisuwar yake. Kuma ka haddace maganar abokin wasanka kamar taka, don ka saurare shi da gaske maimakon jiran ya gama.

Bayan ka saba da dandamali sai ka nemi shiga fim, a nan kuma kusan komai sai ka rage shi. A dandamali kana wasa ne don mutumin da ke layin ƙarshe, kyamara kuwa tana iya matsowa har ta ga motsin gira, don haka zare ido da yarfa hannu da suka yi kyau a fili sukan zama abin dariya a allo. Ba a ɗaukar fim bisa jerin labarin: za a iya ɗaukar zaman makoki da safe, a ɗauki ɗaurin auren mamacin da marece, saboda gida ɗaya ne aka aro na yini ɗaya. Ka riƙe ɗan littafi kana rubuta abin da ya faru da mutumin da kake kwaikwaya kafin kowace fitowa, da hannun da ka riƙe kofin shayi, da yawan shayin da ya rage a ciki, ko ɓangaren da ɗaurin kallabi ya karkata, domin za a maimaita fitowar sau da yawa daga kusurwoyi daban daban, kuma mai haɗa hoto ba zai iya liƙa su ba in sun saɓa. Don neman aiki, bidiyo na minti ɗaya da aka ɗauka da waya kusa da taga, a ɗaki marar hayaniya, ya fi hotuna ashirin na kwalliya amfani.

Akwai maganar da ba a cika faɗa wa masu shigowa ba. Duk wanda ya nemi ka biya shi kuɗi kafin ya gwada ka, ba fim yake shiryawa ba. Ƴan mata kuma kada su amsa kiran gwaji su kaɗai a gida ko ɗakin otal, su tafi da yaya ko inna, su kuma nemi yardar iyaye tun farko. Zalika Souley, wadda ta fara fitowa a 1966 kuma ta rasu a 2021, ta sha tsangwama saboda mutane sun kasa raba ta da matan da take kwaikwaya, har Rahmatou Keïta ta shirya fim a kan rayuwarta, kuma wannan hali na jama'a bai gushe ba. Game da kuɗi, a rubuta yarjejeniya ko da shafi ɗaya ce, a faɗi adadin, da kwanakin aiki, da wanda zai ɗauki nauyin abinci da mota. Wanda ya rubuta labari ko waƙa ya yi musu rajista a hukumar kare haƙƙin mallaka ta BNDA kafin ya nuna wa kowa. Mai niyyar zuwa Kano, inda kasuwar fim ɗin Hausa ta fi girma, ya koyi Kananci amma kada ya yar da Adarancinsa, ya kuma sani cewa can akwai hukumar tace fina-finai mai dokokinta.

Komawa bayan kyamara ana yin sa ne ta ƙofar mataimaki. Ka roƙi a ba ka aikin tsara jadawalin ɗauka ko lura da daidaiton kaya, sannan ka zauna kusa da mai haɗa hoto har a gama fim, domin a gaban kwamfutarsa ne kurakuran darakta ke fitowa fili: fuskar da aka manta ba a ɗauka ba, da fitowar da aka yanke da wuri. Wanda ya samu halin karatu ya yi, makarantar koyon aikin jarida da sadarwa ta Yamai, wadda a da ake kira IFTIC, ta horar da masu fim irin su Aïcha Macky ta Damagaram, amma takardar shaida ba ta maye gurbin wannan zama.

Fim ɗinka na farko ya zama gajere, minti biyar zuwa goma, da ƴan wasa biyu ko uku, a gida ɗaya, kan labarin da ka sani ciki da bai. Sani Magori, ɗan Galmi a jihar Tahoua, da albasar garinsu da zancen aure ya yi fim ɗin da ya fitar da sunansa a 2008. Moustapha Alassane kuwa bakanike ne tun asali, da zanen hannunsa ya zama ɗaya daga cikin na farko a fim ɗin zane a Afirka, kuma a Tahoua ya zauna ya ci gaba da aikinsa da abin da ya samu. Ka rarraba labarin fitowa fitowa, ka rubuta wa kowace abin da take buƙata, ka nemi izinin ɗauka daga hukumar fina-finai ta ƙasa, CNCN, ka kuma gaida mai unguwa kafin ka kafa kyamara a titinsa.

Abin da ya fi kashe fina-finan matasanmu sauti ne, ba hoto ba. Ɗan kallo yakan yafe hoto mai duhu, amma ba ya zama gaban maganar da ba ya ji. Ka je wurin ɗauka kwana ɗaya kafin aiki, a daidai lokacin da za ku yi shi, ka rufe ido ka saurara: injin niƙa na maƙwabta, da ƴan kabu-kabu, da janareto, da lokutan kiran salla, duk a sa su cikin lissafi. Makirfo ya kusanci bakin mai magana gwargwadon iko ba tare da ya shiga hoto ba, kuma a ƙarshen kowace fitowa kowa ya yi shiru na minti ɗaya a naɗi sautin wurin, wanda mai haɗa hoto zai cike giɓi da shi. Haske mai kyau yana nan daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar, rana tsaka kuwa takan sa ido ya faɗa rami, balle a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke gajiyar da mutane da na'urori. Idan mutum biyu suna magana, ka ƙaddara akwai layi tsakaninsu, kyamara ta tsaya ɓangare ɗaya na layin, in ba haka ba za su fito kamar duk gefe guda suke kallo.

A wurin magana da ƴan wasa ne zamanka na ɗan wasa zai biya ka. Kada ka kwaikwaya musu yadda za su yi, kuma kada ka ce "ƙara baƙin ciki," domin ba wanda ya san yadda ake auna shi. Ka ba su abin yi: ka ce wa jarumar ta hana mijinta fita ba tare da ta roƙe shi ba. Gyara a kunne ake yin sa, musamman ga dattijo, inda za ka matsa kusa ka ce "Baba, wannan ta yi kyau, a taimaka mana da wata, amma wannan karon kamar ba ku son yaran su ji." Darakta mai tsawa a gaban jama'a yana samun biyayya, amma ba ya samun wasa. A dandamali kuma babu kyamarar da za ta nuna wa ɗan kallo inda zai duba, sai ka ja idonsa da wurin tsayuwar ƴan wasa, da fitila, da shiru. Idan fim ya kammala, a sa masa fassarar Faransanci a ƙasa a aika bukukuwa. FESPACO, da aka fara a 1969 kuma ake yi duk shekara biyu, tana da kyauta mai sunan Oumarou Ganda ta dogon fim na farko.

Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera maganarsa da kiɗa daga farko har ƙarshe, ya samo asali a Italiya wajajen 1600. Babu gidan opera a Nijar, amma kayan haɗinsa muna da su: zabiya, da goge, da kalangu, da gurmi, da tatsuniyoyin da waƙa ke cikinsu, ga kuma cibiyar koyon kiɗa ta Elhadji Taya a Yamai. A 2007 an gabatar da opera ta yankin Sahel mai suna Bintou Wéré a Bamako sannan a Paris, da mawaƙa da makaɗan Afirka ta Yamma. Bambancin aikin darakta a nan shi ne lokaci ba a hannunsa yake ba, kiɗa ne ya riga ya yanke tsawon kowace fitowa, kuma akwai shugaba na biyu, wato jagoran makaɗa, wanda dole a daidaita da shi tun ranar farko. Idan baiti ɗaya zai ɗauki minti uku ana maimaita shi, aikinka ne ka sama wa mawaƙiyar abin da za ta yi a cikin mintunan nan, ba tare da ka sa ta gudu ko kwanciyar da za ta toshe mata numfashi ba, ba tare kuma da ka juya ta inda ba za ta ga jagoran ba. Mai son gwadawa ya ɗauki tatsuniya ɗaya, ya zauna da makaɗa su tsayar da waƙoƙin tukuna, a naɗe su a waya, sannan a fara tsara motsi a kansu, wasan kada ya wuce minti ashirin. Algaita da ganga sukan danne muryar mutum, don haka a ajiye su can baya ko a gefe, a bar goge da gurmi kusa da mai rerawa.