Yadda ake buga wasan Ito mutum biyu

Ito wasan kati ne na ƙasar Japan wanda kamfanin Arclight ya fitar a 2019, wani mai zane da ake kira 326 ne ya ƙirƙiro shi. A salon da za a bayyana a nan ba a cin juna: ko ku yi nasara tare, ko ku faɗi tare. Taron mutane na iya bugawa, amma idan ku biyu ne akwai abubuwan da sai an kula.

Kayan wasan kati 100 ne masu lamba daga 1 zuwa 100, sai katunan jigo, sai abin ƙirga rai uku. In ba a samu na kanti ba, a yanka kwali mai kauri girma ɗaya, a rubuta lambobin da alƙalamin da ba ya ɓullowa ta baya. A ja layi ƙarƙashin irin su 6 da 9, 18 da 81, 68 da 89, don da an juya kati sai su rikiɗe. Tsakuwa uku sun isa su zama rai.

Da farko a cakuɗa katunan, kowa ya ɗauki ɗaya ya duba a ɓoye. Sai a zaɓi jigo, misali "dabba mai ban tsoro", a tsaida iyaka: 1 ita ce wadda ba ta da ban tsoro ko kaɗan, 100 kuma wadda ake gudu ba waiwaye. Kada a tsallake wannan mataki. Ku faɗi misalin 1 da na 100 da baki kafin a fara, in ba haka ba kowa da ma'auninsa zai yi awo.

Daga nan kowa ya siffanta lambarsa da abu, ba tare da ya ambaci lamba ba. Mai 7 ya ce ɗan tsako, mai 92 ya ce zaki. Ku tattauna, wanda ake ganin tasa ce ƙarama ya fara ajiye kati a buɗe, a riƙa hawa. Idan aka ajiye kati alhali akwai wanda bai kai shi ba a hannu, an yi asarar rai, ɗaya kan kowane katin da aka tsallake. Zagaye na biyu kowa kati biyu, na uku kati uku.

Zagayen farko ba ya wahalar da mutum biyu, domin a matsakaicin lissafi tazarar kati biyu takan kai 33. Da kati shida tsakaninku a zagaye na uku sai ta koma kusan 14, kuma ba wuya biyu su kusa mannewa. Shi ya sa waɗanda suka saba gwamma su fara da kati bibbiyu.

A tsakiya ake faɗuwa. Mai 46 ya ce kare, mai 53 ya ce rago mai tunkuyi, to wanne ne gaba? Amfanin zama ku biyu shi ne kuna da lokacin tambaya: karen gida ne ko na farauta, a ɗaure yake ko a sake? An yarda mutum ya sauya misalinsa, kuma hanya mafi kyau ita ce ya ɗora a kan na abokinsa. Idan ya ce karen gida, kai kuma kana jin ka ɗara shi kaɗan, ka ce karen da ke shayar da 'ya'ya.

A guji jigon da ake aunawa da sikeli ko kuɗi, kamar nauyi da tsada. Da an ce "buhu mai kilo hamsin" an faɗi lamba ke nan ta bayan gida. Haka "rabi" da "sama da tsakiya kaɗan" duk haramun ne. Jigon da ya rataya a kan ra'ayi ya fi armashi, amma a fayyace ra'ayin wa ake nufi, na jama'a ko na mai magana, don wanda ya tashi da kiwo ba zai sa bijimi inda ɗan birni zai sa shi ba.

Mai kati uku ya ba kowanne misalinsa daban, ya jera su kife a gabansa daga ƙarami zuwa babba, don kada ya manta wane suna ya ba wane kati.