Yadda za ka shirya tseren keken dutse ba tare da ka kashe hanyar daji ba

Duk wanda ya taɓa bin hanyar daji da ƙafa washegarin ranar da aka yi tseren keke a kanta bayan an tafka ruwa ya san abin da nake nufi. Siririyar turbar da jiya faɗinta bai fi taku ɗaya ba, yau sai ka ganta ta wage kaman hanyar mota a duk inda taɓo ya kwanta, don na farko da ya iso kududdufin ya kauce gefe, na bayansa ya ƙara kaucewa, kafin mutum ɗari uku su wuce ciyawar gefen duk ta zama caɓi. A tsakiya kuma ga wani dogon rami da tayoyi suka yanka, ruwa na bin cikinsa a hankali yana kwasar ƙasa yana gangarawa da ita. Wannan ramin shi ne abin tsoro, don ruwan da zai zo gaba ya riga ya samu hanya, kuma ba zai sake ta ba sai ya mai da ita kwazazzabo.

Ni ina son wasan nan, shi ya sa abin ke ci min rai. Keke shi kaɗai ba dodo ba ne. A shekarar 1994 wasu masana biyu, Wilson da Seney, sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi a hanyoyin daji na jihar Montana a Amurka, suka kwatanta masu tafiyar ƙafa da dawaki da kekuna da babura, abin da suka gani shi ne dawaki sun fi tayar da ƙasa, kuma hanya in ta jiƙe ta fi saurin lalacewa. Toh amma tsere daban yake da yawon mutum ɗaya ranar hutu. Tsere yana tara ƙafafun da hanya za ta gani cikin watanni ya sauke mata su cikin awa huɗu ko biyar, kowa na sauri, kowa na neman ya wuce na gabansa, babu mai niyyar sauka ya tura keke. Don haka kusan duk aikin kare hanyar ana yinsa ne tun kafin a busa usur.

Fara da izini. Ka nemo wanda ke da iko da dajin, hukumar gandun daji ce ko mai fili ne, ka zauna da su da taswira a gaba. A Amurka misali, tsere a dajin gwamnatin tarayya sai da takardar izini ta musamman, kuma akwai wuraren da dokar kare dajin da ba a taɓa ba ta 1964 ta keɓe, waɗanda keke ma ba ya shiga cikinsu balle tsere. Kowace ƙasa da nata tsarin. Ka tambaye su inda dabbobi ke haihuwa da wane wata, da inda tsuntsaye ke sheƙa, sun fi ka sanin wannan, in suka ce wata kaza kar a shiga kwarin can to ka canza rana ko ka canza hanya, magana ta ƙare.

Sai zaɓen hanya, nan ne zan daɗe don nan ne ake cin riba ko a yi asara. Kar ka zaɓa daga kan kwamfuta. Ka taka ta da ƙafarka daga farko har ƙarshe, in da hali ka je bayan an yi ruwa da kwana ɗaya, lokacin ne hanya ke faɗin gaskiyarta, za ka ga inda ruwa ke tsayawa da inda yake bin tsakiyar turba da inda yake tsallakewa ya wuce abinsa. Ƙungiyar IMBA, wadda aka kafa a 1988 don harkar hanyoyin keken dutse, tana da wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa da suke kira dokar rabi: gangarar hanya kar ta wuce rabin gangarar gefen dutsen da take ratsawa. Wato in gefen dutsen yana gangara kashi 20 cikin ɗari, ma'ana a kowace mita ɗari yana sauka mita 20, hanyar kar ta wuce kashi 10. In ta wuce, ruwan da ke saukowa daga sama ba zai tsallake ta ba, zai juya ya bi ta ne kaman an gina masa kwata. Suna kuma ba da shawarar jimillar gangarar hanya ta tsaya wajen kashi 10, sannan fuskar turbar ta ɗan karkata zuwa waje kaman kashi 5 yadda ruwa zai zame ya sauka gefe a shimfiɗe. Akwai manhajar auna gangara a waya, ta isa.

Hanyar da ta miƙe tsaye daga ƙolin tudu zuwa gindinsa tana da daɗin sauka, na sani, masu tsere ma ita suke so, amma ita ce ta fi saurin mutuwa. Ka nemi wadda ke ratsa dutsen ta gefe tana ɗan hawa tana ɗan sauka, don duk inda ta ɗan lotsa ta sake hawa, wurin ya zama ƙofar da ruwa zai fita. Inda dutse ne zalla ko tsakuwa, ka saki jiki, taya dubu ba ta yi wa dutse komai. Inda laka ce ko fadama ko baƙar ƙasa mai laushi ta ƙarƙashin bishiyoyi, ka kauce ko ka shimfiɗa duwatsu tun da wuri. Kuma kar ka ɗauka busasshen wuri ba shi da matsala, a hamadar Moab da ke jihar Utah akwai wani baƙin ɓawon ƙasa mai rai wanda ƙananan halittu ke ginawa, shi ke riƙe yashi kar iska ta kwashe, taya ɗaya in ta bi ta kai sai a yi shekaru da dama wurin bai dawo ba. A irin wannan wuri fita daga turba ko da taku ɗaya ɓarna ce.

Kar ka sari sabuwar hanya saboda tsere ɗaya. Sabuwar ƙasa ba ta daddale ba, kuma bayan kun tafi mutane za su ci gaba da binta don sun gani a GPS ɗin wani.

Abu na gaba birki. Ɗaya daga cikin tseren farko na wasan nan ma da birki ya samu sunansa, tseren Repack da aka fara a 1976 kusa da garin Fairfax a Kalifoniya an kira shi haka ne don birkin tsoffin kekunan yana zafi wajen sauka har giris ɗin ciki ya ƙone, sai an sake cusa sabo. Birkin yanzu ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma duk inda doguwar gangara ta ƙare da kwana mai tsini, kowa a wuri ɗaya zai danne shi. Ka duƙa ka duba irin wannan wurin bayan tsere, za ka ga ƙasa ta yi gargada, tudu rami tudu rami kaman an jera, tayar baya tana tsalle tana ƙara haƙawa, garin ƙasar da ta kankaro kuma ya taru a gefen kwanar yana jiran ruwa ya kwashe shi. Maganinsa ka rage musu gudu tun kafin su iso, ka karkatar da hanyar ta ɗan hau tudu ko ka bi da su tsakanin manyan duwatsu biyu, gudu zai mutu da kansa ba sai an ja taya ba.

Yawan mutane kuma ka yanke shi bisa abin da hanyar za ta ɗauka, ba bisa yawan masu son yin rajista ba. Kuma kar ka sake su gaba ɗaya su afka siririyar turba. Ka fara tseren a faffaɗar hanya, kilomita biyu ko uku masu hawa, yadda masu ƙarfi za su yi gaba a warwatse kafin a shiga inda sai ɗaya bayan ɗaya, ko ka sake su rukuni rukuni da 'yan mintuna a tsakani. Cunkoso shi ke sa mutum ya fita gefe don ya wuce, kuma da zarar ɗaya ya yi sauran duk sun ga hanya. Ka ware musu wuraren wucewa inda ƙasa ke da tauri, ka gaya musu tun a wajen tashi. A kwanonin da suka naɗe kaman maciji ka ɗaura igiyar alama ta ɓangaren ciki har ƙasa ka ajiye mutum ɗaya a wurin, ka rubuta a dokar tsere cewa wanda ya yanke kwana an cire shi, kuma ka cire shi ɗin da gaske ko da shi ne na ɗaya.

Yanzu maganar ruwa, wadda ita ce ta fi wuya don tana taɓa aljihu da zuciya. Mutane sun yi tafiya mai nisa, an kafa rumfuna, an yi wata shida ana shiri, sai ga ruwa tun tsakar dare. In ba ka yanke hukunci tun da wuri ba wallahi da safen nan ba za ka iya cewa a fasa ba, kowa zai ce ai zai bushe. Don haka ka rubuta sharaɗin tun ranar buɗe rajista, ka tanadi hanya ta biyu mai tsakuwa ko ranar da za a ɗage zuwa, sannan ka ba wani mutum daban, wanda ba shi ya karɓi kuɗin rajista ba, ikon cewa yau ba a hawa. Gwajin ba shi da wahala, ya je wurin da ya fi laushi ya tura keke, in taya ta bar rami ko laka ta manne mata har ta yi kauri to hanyar ba ta shirya ba. In kuma kududdufi ne ɗaya ko biyu kawai, ka gaya wa mahaya su ratsa ta tsakiya, jiƙewar ƙafa ta fi faɗaɗa hanya.

Wani abin da ake yawan mantawa shi ne lakar da keke ya ɗauko daga wani daji. A cikinta akwai irin ciyayin da ba na wurin ba, akwai kuma cuta. A Niyu Zilan cutar da ke kashe wasu manyan bishiyoyi da ake kira "kauri" a ƙasa take yaɗuwa, a jikin takalmi da taya, har aka rufe wasu hanyoyin aka kafa wuraren wanke ƙafa a bakin wasu. Ka sa wurin wanke keke da buroshi kafin tashi da bayan an gama, nesa da rafi yadda ruwan wankin ba zai koma cikinsa ba. 'Yan kallo da motoci da wurin shan ruwa duk ka tsayar da su inda ƙasa ta riga ta taurara, don sau da yawa taron mutane a gefen wata kwana mai ban sha'awa ya fi kekunan tattake tsirrai.

Kafin tsere da kwana biyu ka ɗauki hoton duk wuraren da kake tsoro, ka aza sanda ko tef ɗin awo a faɗin turbar ya fito a hoton, ka riƙe wurin a GPS. Da an gama a ranar a bi hanyar a kwashe igiyoyi da alamomi da ledojin da mahaya suka yar, kar a bar ko ƙyalle a reshe. Cikin satin nan kuma ku dawo da shebur da manjagara da diga, tun ƙasa na da ɗan danshi tana jin magana. Ku fara da buɗe magudanan ruwan da suka toshe, sannan ku rushe ɗan tudun da tayoyi suka tara a bakin turba ta waje don shi ke tare ruwa a kan hanya, ku cike ramuka ku daddale, gargadar birki ku sassabe ta ku baje. Inda aka buɗe sabuwar hanya a gefe ku kakkarce ƙasar ku rufe da ganye da itace da duwatsu har ido ya daina ganin hanya ce. Kuɗin wannan aikin ka cire shi daga rajista tun farko ka ajiye gefe.

Sai ka sake ɗaukar hoto a daidai wuraren nan da sandar nan, ka kai wa masu dajin na kafin da na bayan ko ba su tambaya ba. Bayan babban ruwa na farko ka koma kai kaɗai ka tsaya a kwanar da ta fi ba ka tsoro ka ga ta inda ruwan ya bi, in har yanzu tsakiyar turba yake bi to baɗi ka cire wannan yankin daga taswirar tseren.