Yadda Ake Samun Cikakken Ɗumi Daga Murhun Itace Lokacin Sanyi

Yawan zafin da murhun ƙarfe na cikin ɗaki zai bayar ya dogara da farko ga bushewar itacen da aka zuba masa. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, saboda haka wuta takan ƙarar da ƙarfinta wajen ƙafar da ruwan maimakon ɗumama ɗaki. Ya kamata a faskara shi, a jera a inda iska ke ratsawa, a rufe samansa kawai, har tsawon wata 6 zuwa 12 ko fiye, sai laimarsa ta sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100.

Wajen hura wuta, a shimfiɗa manyan faskare a ƙasa, a ɗora ƙirare a kansu, a kunna daga sama, mashigar iska kuwa a buɗe ta gaba ɗaya. Sai itacen ya kama sosai za a rage iskar, amma kada a toshe ta wai don wutar ta daɗe, domin hayaƙin wutar da aka shaƙe makamashi ne da bai ƙone ba, kuma shi ke lafta baƙin maiƙo mai kama da kwalta a bututun hayaƙi, wanda kan iya kamawa da wuta. Shi ya sa ake share bututun aƙalla sau ɗaya a shekara.

A riƙa barin toka kaɗan a ƙasan murhun, tana riƙe zafin garwashi. Idan ana son ɗumin ya kai sauran ɗakuna, a ajiye ƙaramar fanka a ƙasa ta riƙa tura iska mai sanyi zuwa wajen murhun.