Kalmar "sorry" ba ta cika zama sannu ba

Wanda ya taso da Hausa yana da kalmomi iri-iri na lallashin zuciyar ɗan'uwansa: sannu ga wanda ya yi tuntuɓe, yi haƙuri ga wanda aka ɓata wa rai, gafara idan ana neman hanya. Da muka koyi Turanci, sai yawancinmu muka ɗora duk wannan kaya a kan kalma ɗaya, "sorry". Tsakaninmu kowa ya san manufa. A Ingila, Amurka ko Kanada kuwa, idan abokin aikinka ya buge da ƙofa ka ce masa "sorry" kawai, sau da yawa zai amsa da "it's not your fault", wato ai ba laifinka ba ne. Shi a kunnensa, laifin ka ɗauka. Abin da suke faɗi a nan shi ne "Are you OK?" ko "Are you all right?" Ga mara lafiya kuma, "I hope you feel better soon."

Abu na farko da za ka riƙe, ɗan'uwa, shi ne "sorry" siffa ce, ba aikatau ba. Saboda haka tana buƙatar "am", "is", "are" ko "was" a gabanta. A ce "I am sorry", kada a ce "I sorry". Aikatau ɗin neman afuwa shi ne "apologise", kuma shi ya fi dacewa da wasiƙar ofis: "I apologise for the delay."

Inda aikin yake shi ne ƙaramar kalmar da ke biyo baya, domin ita ke nuna ko afuwa kake nema ko jaje kake yi. Idan kai ka yi kuskuren, "for" za ka sa, sannan aikatau mai ƙarewa da "-ing" ko suna: "I'm sorry for being late", "I'm sorry for the mistake". Kana iya sauƙaƙawa ka ce "Sorry I'm late", kuma haka mutane suka fi faɗi a baki. Ita "about" ta fi faɗi, tana ɗaukar abin da ka jawo da wanda ba ka jawo ba: "Sorry about the noise" ga maƙwabci, "I'm sorry about your father" ga wanda mahaifinsa ke kwance ko ya rasu. Idan mummunan labari aka ba ka, jimlar da ba ta ba da kunya ita ce "I'm sorry to hear that." Ka haddace ta, domin ita ce ta fi kusa da sannun da zuciyarka ke son faɗi. Wajen ta'aziyya ana cewa "I'm sorry for your loss", kuma ba wanda zai ɗauka laifi kake amsawa, tunda jimlar ta riga ta zauna a haka.

Akwai bambanci ƙarami mai amfani: "sorry to bother you" kafin ka katse mutum ake faɗinta, "sorry for bothering you" kuma bayan ka riga ka katse shi.

Wadda nake roƙon sababbin zuwa su kiyaye ita ce "I feel sorry for you." Mutum yana nufin ya tausaya, amma mai ji yakan ɗauke ta a matsayin ƙasƙanci, kamar an ce masa ya zama abin tausayi. Ana iya faɗinta game da wanda ba ya wurin, "I feel sorry for her", amma a fuskar mutum ta fi kusa da ɓata zumunci. Haka nan idan "sorry" ta zo gaban suna, ma'anarta kan juye: "a sorry state" mummunan hali ne, ba halin nadama ba. Ita kuma "I'm sorry if you were offended" ba a ɗaukarta cikakken ban haƙuri, domin ta mayar da matsalar kan wanda aka ɓata wa. In ka yi laifi, ambaci laifin: "I'm sorry I said that."

A Birtaniya za ka ji "Sorry?" da ɗaga murya a ƙarshe. Ma'anarta ban ji ba, maimaita. Kai ma yi amfani da ita, ta fi "What?" ladabi nesa ba kusa ba. Idan kuma ma'aikaci ya fara da "I'm sorry, but", to ka shirya jin a'a.

Wuri ɗaya da kalmar ke da nauyi fiye da ladabi shi ne wajen haɗarin mota. A nan ana iya ɗaukar "sorry" a matsayin amsa laifi, kuma wasu ƙasashe sun yi doka a kan ko ban haƙuri amsa laifi ne. A Ingila da Wales, sashe na 2 na dokar diyya ta 2006 ya ce ban haƙuri shi kaɗai ba amsa sakaci ba ne. Lardin Ontario na Kanada ya yi tasa dokar a 2009, Scotland a 2016. A Amurka jihar Massachusetts ce ta fara a 1986, amma kowace jiha da nata tsarin, kuma a da yawa daga cikinsu kalaman jaje ne kawai ba a ɗauka hujja a kan mutum, ban da amsa laifi ƙarara. Shi ya sa kamfanonin inshora ke gargaɗin direbobi kada su amsa laifi a wurin haɗari. Wannan bai hana ka nuna mutunci ba. Tambayi ɗayan direban "Are you hurt?", kira motar asibiti idan akwai rauni, ku yi musayar suna da bayanan inshora, ka ɗauki hotuna, ka bar wa kamfanin inshora da 'yan sanda tantance wanda ke da laifi.