Yadda za ka samu kwat mai girma don bikin yaye ɗalibai a Ingila

1. Fara da awo. Ka auna ƙirji, ƙugu da wuya da inci, domin da awon ƙirji ake sayar da kwat a can. Lamba 50 ta Ingila ita ce 60 a Jamus.

2. Duba kantunan tufafi na Jacamo ko Marks & Spencer ta intanet; mata su leƙa Yours Clothing. Cikin shago manyan lambobi kan yi wuyar samu.

3. Sayi kwat da wando daban-daban, ba haɗe ba. Kafaɗa ce abin lura: tela zai rage tsawon hannu da ƙugu cikin sauƙi, amma gyaran kafaɗa aiki ne ja.

4. Alkyabbar bikin hayarta ake yi, sau da yawa daga kamfanin Ede & Ravenscroft. Yi oda da wuri, kafin cunkoson watan Yuli.